Gwankin da Wuƙata Ba Ta Riska Ba

A shekarar da matata ta yi haihuwa ta uku na gane cewa gatari ma yana gajiya. Muna zaune a wata 'yar unguwa kudu da Kafur, gidaje kaɗan a bakin daji, a zamanin da in an ji labarin mahaya daga arewa kowa kan kwashi iyalinsa ya hau dutse. 'Ya'yanmu biyu na fari ba su zauna ba. Ta ukun ta zo mana tsakiyar bazara, 'yar mitsitsiya, ga kuka kamar za ta tsaga ɗaki. Amma uwarta ta zubar da jini da yawa. Har aka yi suna ba ta iya tsayawa sai ta dafa bango, nono kuma sai an matsa yake ɗiga.

Surukata ta zo daga Maska don ta yi mata wankan jego. Wanda bai taɓa ciyar da tukunyar jego ba bai san cin itace ba. Safe da yamma sai an tafasa ruwa a wata ƙatuwar tukunya, a tsoma ganye a yi ta fyaɗa wa mai jego. Bayan wannan ga wutar ƙarƙashin gadon ƙasa, ga ta kunun kanwa, ga ta tuwo, duk a wuyana har a yi arba'in. Surukar tawa ba ta yi mini magana kai tsaye, ni ma ba na ɗaga ido in dube ta, haka muka taras ana yi. Sai dai tana da dabararta. Takan tsaya a tsakar gida ta fuskanci rumbu, ta ɗaga murya ta ce, "A hwaɗa wa mai gidan nan itace ya ƙare." Rumbun nan ya sha saƙo a wannan shekara.

Gatarina gadon mahaifina ne, ƙirar wani maƙeri na Malumfashi. Ƙarfen ne gadon, ƙota kam na sauya ta ban san iyaka ba. Irin namu, ƙarfen yana da wutsiya mai tsini da ke shiga cikin kan ƙota, ba abin da ke riƙe shi sai matsi. Da rani itacen kan bushe ya saki, ka ji yana girgiɗi, in ka yi sakaci wata rana ka ɗaga ka sara, ƙota ta sauka ita kaɗai, ƙarfen ya tafi neman ƙafar wani. Don haka kullum in na tashi aiki sai in tsoma kansa a kaskon ruwa ya kwana, itacen ya sha ya kumbura. Da safe in zauna gaban dutsen washi, ina ɗiga ruwa ina bin bakin a hankali, wannan gefe da wancan. Washin gatarin sara daban ne da na faskare. Na sara ana so bakinsa ya yi siriri, na faskare kuwa in ka sirantar da shi sai ya nutse cikin gungume ya maƙale, ko ya yi giɓi. Ni guda ɗaya gare ni, don haka kullum a tsakani nake wasa shi. Gungumen da ya ƙi jin gatari, marke mai gaɓa ko tsohuwar kirya, sai in fiƙe guntayen itace masu tauri in kafa a tsagar, in yi ta dukansu da kulki har ya buɗe. Ina son aikin nan, ba na ɓoyewa. Akwai wata 'yar ƙara da gungume ke yi dab da zai rabu, in na ji ta har cikin raina nake jin daɗi.

Itace dai ina iya kawowa, nama ne ya gagare ni. Bunsurunmu na ƙarshe shi aka yanka ran suna, kaji annoba ta share su tun farkon zafi, rumbu kuma ba shi da rarar da za a kai wa mahauci ranar kasuwa. Wata safiya surukata ta duba idon 'yarta, ta duba tafin hannunta ta ga ya yi fari, ta fito ta gaya wa rumbu cewa kunu ba ya mayar da jini. In ba a samo romo ba, in ji ta, jaririyar nan za ta bi yayyenta, uwar ma sai yadda Allah ya yi. Na ji haushin maganar ƙwarai, don na san gaskiya ce.

Fatana duka yana kan maƙwabcina na hayin rafi. Bamaguje ne, tsoho, maharbi. Ba ya salla, yana da tsafinsa a gindin wata tsamiya, yana shan giyarsa ranar da ya ga dama. Ina kiransa Baba don sa'an mahaifina ne, shi kuma yana kirana Malam don tsokana, ya san karatuna bai wuce abin da zan yi salla da shi ba. Tun zamanin mahaifina akwai wani shiri tsakanin gidajen biyu. Abin da Bamaguje ya kashe mu ba ma ci, sai in Musulmi ya riske shi da rai ya yanka. Shi kuwa Baba ba ya son ya ci nama maƙwabta na haɗiyar yawu. Saboda haka kiban da yake harbin barewa da su dafi mai sauƙi yake shafa musu, wanda zai kayar da dabba amma ya bar ta ta daɗe tana numfashi. In ta faɗi sai ya busa ƙaho, ni kuma in ɗauki wuƙa in bi sautin. Barewa nawa suka tsere masa da kibiya a jiki saboda raunin dafin nan, shi kaɗai ya sani, bai taɓa yi mana gori ba. In na yanka, wuya nawa ne, a ƙara mini da wani kaso, ni kuma in faskara masa itacen banda, don kafaɗarsa ta daina jure wa gatari.

Na saba da dafin nan har na san tafiyarsa. In ƙaho ya tashi, ina da sararin da zan ƙarasa abin da ke hannuna, in kurɓi ruwa, in tafi da sauri ba da gudu ba, in tarar da barewa tana shure-shure.

Ran da abin ya faru, da hantsi, ƙotar gatarin ta tsage a kan wani gungumen marke. Kan ya dare biyu, ƙarfen ya faɗi gefe, itacen wankan yamma ko rabi bai kai ba. Ina da ƙota ɗaya tak da na saro tun kaka na rataye a zaure ta bushe, mai kyakkyawan ƙulli a kai. Na hura wuta a ƙofar gida, na cusa wutsiyar ƙarfen a garwashi har ta yi ja, na kama shi da tsagaggen ɗanyen ice na danna cikin ƙullin, hayaƙi ya turnuƙe. Haka ake yi, a ƙona a cire a mayar wuta, kaɗan-kaɗan, har ramin ya yi daidai da ƙarfen. In ka yi gaggawa ramin ya yi faɗi ka yi asarar ƙota, in kuma ya karkace gatarin zai yi ta sara a gicciye muddin yana hannunka.

Ina tsakiyar wannan na ji ƙaho daga yamma, wajen fadama. Na miƙe tsaye, na koma na tsuguna. Ƙonawa ɗaya ta rage ramin ya ɓulle. Na ce a raina barewa ce, za ta jira ni yadda 'yan'uwanta suka jira. In kuwa na bar gatari haka, yamma ta yi ba itace, mace marar jini ta yi wanka da ruwa mai ɗumi-ɗumi sanyi ya shige ta. Na ƙarasa, na buga ƙotar da ƙasa ƙarfen ya zauna daram, na jefa kan a kasko. Sai ƙahon ya sake tashi, a wannan karo da wata gaggawa da ban saba ji ba. Nan na zari wuƙa na sheƙa da gudu.

Ba barewa ba ce. Gwanki ne, namiji, ya fi jaki girma, kwance cikin busasshiyar ciyawa a gefen fadama. Baba yana tsaye a kansa da ƙaho a hannu. Daga baya ya gaya mini cewa da ya gan shi ya san dafin barewa ko tari ba zai sa shi ba, sai ya zaro kibiya mai baƙin dafi, wadda yake ajiyewa don kura da mugayen namun dawa. Irin wannan dafin ba ya ɗaga wa kowa ƙafa, ni kuwa ina can ina lissafi da na barewa.

Na durƙusa na juya wuyan gabas, na ɗora wuƙa. Jikin da zafinsa. Malamai sun ce in dabba ta motsa ido ko wutsiya ko ƙafa, da sauran rai, a yanka. Na ƙura ido, kuma na ga kunnen ya motsa. Sai Baba ya riƙe mini hannu.

"Malam, ya tahi."

"Sake ni, Baba, kunnenshi ya motsa."

"Ƙuda ne ya tashi daga kai. Tun kana hayin rafi ya ja numfashinshi na ƙarshe, hannuna na bisa haƙarƙarinshi."

"Yau kuma kai za ka koya mani abin da ya halatta? Kai da ko alwala ba ka sani ba?"

Ban taɓa yaɓa masa magana irin wannan ba. Bai yi fushi ba, ya dai saki hannuna ya ja da baya.

"Ban san alwala ba," in ji shi. "Mutuwa na sani. In za ka yanka, yanka, wuƙarka ce. Amma in tsohuwar nan ta gidanka ta aiko ta tambaye ni, abin da na gani zan hwaɗi. Ubanka bai taɓa cin mushe daga hannuna ba, ɗiyar mutane ba za ta fara ba."

Har yau da gemuna ya yi fari, in aka tambaye ni zan ce kunnen nan ya motsa. Na kuma san mutumin da ya ƙagu ya ga abu yakan gan shi. Duka biyun ina riƙe da su, ban yar da ko ɗaya ba. Na daɗe a durƙushe, wuƙa a kan wuyan da ke hucewa, ina ganin farin tafin hannun matata. Sannan na mayar da wuƙar kube. Na ji kamar in kama tsohon nan in girgiza shi, na ji kuma kamar in yi kuka, a ƙarshe na ce masa ya kama ƙafar baya mu feɗe kafin rana ta lalata naman.

'Ya'yansa maza sun tafi ci-rani, gidan daga shi sai tsohuwar matarsa. Naman a wajensu ba abin ƙyama ba ne, in kuwa na juya na tafi, ungulu da zafi ne za su raba shi. Abu na farko, Baba ya zagaye inda kibiyar ta shiga, ya yanke tsoka mai faɗi duk inda ta yi baƙi, muka haƙa rami mai zurfi muka binne, muka danne da dutse saboda karnuka. Muka tsaga fata daga ƙirji zuwa ƙasa, ana ja ana tura dunƙulen hannu tsakanin fata da tsoka, don wuƙa in ta yi yawa huda fatar take. Ya fitar da kayan ciki, ya zare matsarmama a hankali kada ta fashe ta ɓata hanta. Muka raba shi gaɓa-gaɓa, muka rataya a sanda, muka yi ta sawu zuwa gidansa ƙudaje na bin mu. Duk tsawon aikin nan maganarmu ba ta wuce kama nan, saki can ba.

Da na koma gida surukata ta hango jini a rigata ta katangar zana, na ji ta tana jawo tukunya. Sai da na tsuguna a bakin zaure na faɗi abin da ya faru. Sai ta juya ta ce wa rumbu, "Wato an yi wa arne aikin gayya, mu an kawo mana jini a riga." Wannan na haɗiye ta. Wadda ta tsaya mini a wuya ita ce ta matata, da ta ce daga cikin ɗaki da 'yar muryarta, "Sannu da aiki, mai gida." Na ɗauki gatari daga kasko na fita na huce a kan gungume.

Nama mai yawa haka, a bazara, yini ɗaya ya ishe shi ya yi wari, dole sai banda. Tsohuwar matar Baba ta zauna tana yanyana tsoka dogaye siri-siri, tana barbaɗa ɗan gishirin da take da shi. Muka kafa gwafanni, muka jera ɗanyun sanduna a kai suka zama gado, tsayinsa zuwa ƙugu, aka shimfiɗa naman. Banda daban take da gashi. Zafi da hayaƙi ake so su shiga a hankali, in harshen wuta ya lashi naman sai baya ya ƙone ciki ya ruɓe. Ba kuma kowane itace ake sawa ba. Marke da kirya busassu ake so, masu barin garwashi, a faskara su tsaka-tsaki. Maɗaci ko kusa ba ya zuwa, tsohuwar ta ce hayaƙinsa yana barin ɗaci a baki. Ana juyawa, ana dannawa da yatsa, wanda ya bushe ya yi baƙi-baƙi a kwashe a zuba a kwando a rataye inda hayaƙin murhu ke isa.

Sai ga ni ina ciyar da wuta biyu, ta jego a gidana da ta banda a hayin rafi. Sabuwar ƙota ba ta san hannuna ba tukuna, ta sale mini tafi har sai da na kankare ta da tsingaro na shafe ta da man kaɗe. Gatarin ya yi giɓi a kan kirya, na ɓata safiya guda a gaban dutsen washi ina zaginsa kamar yana ji. Iska kuwa daga hayinsu take busowa. Ƙamshin naman nan ya cika gidana, ya shiga har ɗakin mai jego, kuma ba abin da zan iya yi. Wannan shi ya fi komai ci mini rai.

Ina faskare ina shari'a da Baba a zuciyata. Da ya kau da kai ya yi shiru, wa zai sani? Mu biyu ne a fadamar. Sai wata zuciyar ta ce mini, shekarun nan da kake cin nama daga hannunsa ba ka taɓa tsayawa ka yi tantama ba, me ya sa? Ai don irin mutumin da zai riƙe maka hannu ne. Na san haka, amma sanin bai sa na huce ba. Mutum yana iya gane cewa an yi masa daidai kuma ya ci gaba da jin haushi, musamman in ya shiga ɗaki ya ga jaririya na tsotson nonon da ba komai ciki.

Abin da ya ƙara tunzura ni, Baba ya bar mana bandar ni da tsohuwarsa. Kullum da sassafe sai ya fita, ba baka ba kwari, sai igiyoyi a kafaɗa, ba ya dawowa sai rana ta yi sanyi. Na ɗauka gudun haɗa ido da ni yake. In muka yi kiciɓis a rafi, gaisuwa ce kawai, ita ma a taƙaice.

Wata rana da la'asar ina faskare a ƙofar gida na hango shi yana tahowa a hankali, a sunkuye, da wani abu a wuya. Da ya matso na ga gada ce, da ranta. Ya ɗaure mata ƙafafu, amma ɗaya ta baya ta kwance a hanya, kofaton gada kuwa kaifi gare shi. Ta tsattsage masa wuya da ƙirji, jini ya bushe wani ya zubo a kai. Tarko ya yi ta ɗanawa can cikin duwatsu kwanakin nan, nesa da mu ƙwarai, har ya dace. Duka ɗaya a ka da ya huta da ita, amma haka ya ɗauko ta tana shurinsa tun daga can. Ya sauke ta a gabana, ya zube ƙasa yana haki.

"Ga ta nan, Malam. Ban busa ƙaho ba, kada in katse maka aiki. Yanka da sauri kahin ta kashe ni."

Na yanka, jini ya yi tsartuwa har kan ƙafafuna. Nan take na feɗe ta. Surukata ta fito da kanta har bakin zaure, abin da ba ta taɓa yi ba, ta kwashi ƙafafu da hanta da cinya ɗaya ta shige ciki. Ɗaya cinyar na ware wa Baba, kason maharbi, na ɗora a kan ganye kusa da shi.

Matata ta tashi daga baya, a hankali, yarinyar ma ta zauna. Ba zan ce gada ɗaya ce ta yi wannan ba, rai na Allah ne. Amma yammacin nan shi nake yawan komawa kansa. Na zaunar da Baba a jikin zana, ina goge masa raunukan da tsumma ina shafa man kaɗe, yana tsaki yana cewa hannuna ya fi na gadar mugunta. Ƙamshin citta da masoro ya taso daga cikin gida. Can muka ji ana hura romo, muka ji ludayi na karta gindin ƙoƙo. Sai muka ji muryar matata, wadda tun ranar haihuwa ba ta nemi a ƙara mata komai ba.

"Inna, akwai saura?"

Hannuna ya tsaya a kafaɗar tsohon. Ya ture shi, ya nuna mini cinyar da ke kan ganye da haɓarsa.

"Bar ni haka nan," in ji shi. "Tashi ka kai masu waccan."